Ranar da Bamoye Ya Taka Iska

A Sarankoira ba sai an yi shela mutum yake sanin ranar yaɓen masallaci ta kusa ba. Hanci ne ke faɗa masa. Lakar da aka kwaɓa da ƙaiƙayin shinkafa a ramukan bakin kogin Bani, in ta kwana biyu tana ruɓa cikin zafin bazara, warinta har ɗaki yake bin mutum. Baƙo ya toshe hanci, ɗan gari kuwa ya shaƙa ya ce ta nuna.

Kolado Kontawo magini ne na unguwar Bakin Ruwa, furfura ta riga ta cinye masa gemu. A cikin maginan garin mutum ɗaya ne kawai yake gabansa, shi ne Bamoye Yonu na unguwar Tudu, sarkin magina. A hannun mahaifin Bamoye suka koyi aiki tare, bulala ɗaya suka sha, kuma tun lokacin ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Kowa ya san ranar da Bamoye ya sauka Kolado ne zai hau. Shi ma Kolado ya sani, ya kuma daɗe da gajiya da jira, sai dai bai taɓa furtawa ba.

Da aka idar da sallar asuba aka kaɗa ganga, gari ya fashe. Samarin Tudu suka taso da tutarsu, na Bakin Ruwa da tasu, kowane da kwandon laka a ka, suna gudu suna bangazar juna, wanda ya faɗi a tsallake shi. Mata suna jere daga kogi da ruwa, suna guɗa. Bangon arewa na Tudu ne, na kudu na Bakin Ruwa, kuma unguwar da ta riga gamawa ita ke da baki har shekara ta zagayo. Hasumiyar tsakiya ce kaɗai ba a takara a kanta, wadda ƙwan jimina ke bisa ƙolinta. Wannan sarkin magina ke yaɓa ta da hannunsa, tare da babban maginin ɗaya unguwar.

A gindinta suka haɗu. Kolado ya ce, "Tsoho, bana ma hawa za ka yi? Ko in sa a shimfiɗa maka tabarma kusa da liman, a kawo maka shayi?"

Bamoye yana naɗe hannun riga, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "In na zauna wa zai yi aikin? Kai? Ɗan masunta, hannunka santsin tarwaɗa ya sani, ba laka ba."

"Tarwaɗar nan dai ita ta raine ka."

"Riƙe tsani, ka cika surutu."

Tsanin giginya rabin hasumiyar yake kai mutum. Daga nan sai a bi azarorin da suka fito daga jikin bango, a taka wannan a kama wancan. Bamoye ya yi gaba, Kolado na biye. Ana miƙo musu laka daga hannu zuwa hannu, suna mannawa suna shafewa da tafi. Kolado ya saci kallon aikin abokinsa, kamar yadda ya saba kowace shekara yana neman aibi, bai samu ba. Lakar tana kwanciya a ƙarƙashin tafin Bamoye sumul, ba tudu ba kwari.

Rana ta ɗaga sosai kafin su gama ƙoli. Ana cikin haka samarin Bakin Ruwa suka ga 'yan Tudu na neman wuce su, ga tsani ya yi musu kaɗan, sai suka zo suka sungumi na hasumiya. Ɗaya ya ɗaga kai ya yi ihu cewa yanzu za su dawo da shi, ganga ta haɗiye maganar. Kolado dai ya gan su. Ya ma yi murmushi, don 'yan unguwarsu ne.

Bamoye ya goge hannu a ƙirji ya ce, "Mu sauka." Ya fara bin azarori zuwa ƙasa, ya wuce Kolado, har ya kai ta ƙarshe, inda kan tsanin yake jingine ɗazu. Kolado ya biyo shi yana shirin tsokanarsa cewa yau sai ya roƙi 'yan Bakin Ruwa kafin ya taka ƙasa. Sai ya ga Bamoye ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa, idonsa biyu a buɗe, rana tarwai, ya zura ƙafar dama cikin iska, ya kuma saki hannu ɗaya.

Kolado bai san lokacin da ya kwanta a kan azara ya cafki damtsensa ba. Nauyin mutum ya fizge shi, ƙashin kafaɗarsa ya yi ƙara, haƙarƙarinsa ya daki itace. Bamoye ya yi lilo, ƙafafunsa na neman abin takawa, hularsa ta tafi ƙasa tana juyi. Da ƙyar ya lalubo azarar ya maƙale, Kolado ya ja shi ya zauna.

Gangar kusa ta yi shiru, sannan ta nesa. Filin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai, yanzu har kukan shirwa ana ji.

Kolado yana haki ya ce, "Ba ka ga babu tsani ba?"

Bamoye ya ɗago kai. Fuskarsa tana fuskantar Kolado, amma idon ya wuce ta gefen kunnensa. Kolado ya ɗaga tafinsa mai laka ya gitta a gaban fuskar. Ko ƙiftawa ba a yi ba.

"Yaya," ya ce, sunan da rabonsa da kiransa da shi tun suna yara. "Ba ka gani."

"Rage murya."

"Tun yaushe?"

"Idon hagu ya daɗe da tafiya. Na dama bayan yaɓen bara waccan ya bi shi. Ina rarrabe rana da dare. In mutum ya tsaya a bakin ƙofa ina sanin an tare haske."

"Bara ma haka ka hau nan?"

"Haka na hau. Ba wanda ya taɓa tsani bara."

Kolado ya gyara zama a kan azara. Abubuwa suka dinga faɗo masa. Yadda Bamoye ya koma kama hannun mutum in suna tafiya, aka ce tsufa ya sa shi son jama'a. Yadda ya daina zuwa kasuwar Litinin. Ranar da ya wuce shi a lungu ba sallama, shi kuma ya yi kwana da kwanaki yana ƙullace da shi. Ga gidajen da mutumin nan ya tsaya aka gina, mutane na kwana a ciki da 'ya'yansu.

Samarin suka dawo da tsanin a guje. Kolado ya fara sauka, kafaɗarsa na zogi, yana kama diddigen Bamoye yana ɗora masa a kan kowane mataki. Gari guda na kallo, ba mai motsi.

A ƙasa aka rufe su. Wani ya ce jiri ne, wani ya ce rana ce, wani kuma ya fara marin yaran da suka ɗauki tsani. Kolado ya ji yadda maganar jirin take karɓuwa, ya kuma gane in shi ya yi shiru, a haka za ta tsaya. Yana cikin wannan tunani Niyamoye matar Bamoye ta ratso maza da kwanon ruwa. Ba ta miƙa masa ba. Hannunsa ta kama ta ɗora a kan kwanon, a natse, kamar abin da ta saba.

Kolado ya matsa kusa ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "Kin sani, kika bar shi ya hau?"

Idonta jawur ta dube shi. "Kai da kuka tashi tare, ka taɓa ganin wanda ya hana shi abu? Ni ke rako shi har kusurwar masallaci kullum. Yau tun da ya taka tsanin nan ban haɗiyi yawu ba."

Bamoye ya sha ruwan, ya ce, "A bar yaran nan, ba su da laifi. Ina liman?" Liman yana tsaye dab da shi, har rigunansu na gogar juna. Tambayar kaɗai ta isa. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta zauna a cikin laka. Liman ya yi salati a hankali. Bamoye ya juya wajen muryar ya ce, "Malam, idona ya tafi, ya daɗe da tafiya. Na ɓoye, ban kyauta ba. A ba Kolado aikin."

An ƙarasa yaɓen, amma ba ganga. 'Yan Tudu ne suka riga gamawa, ba wanda ya ɗaga tuta. Shinkafa da miyar albasa da busasshen kifi da aka girka a manyan tukwane, yara ne suka ci rabonsu. Kolado ya zauna gaban akushi, ko loma bai kai baki ba.

Bayan mako guda Kolado ya ɗauki Bamoye a motar kasuwa zuwa birnin Moti wajen likitan ido. Likitan ya haska, ya haska, ya ce da an zo da wuri da an ceci na dama. Ya ba su maganin ɗigawa don ciwon kai. A hanyar dawowa, da suka hau jirgin fito, Bamoye ya tambaya ko ruwan kogi ya fara ƙaruwa. Kolado ya ce tukuna.

Aikin farko da Kolado ya yi a matsayin sarkin magina shi ne bin duk gidan da Bamoye ya gina tun da idon ya tafi, kafin ruwan sama ya sauka. In ya shiga sai ya duba kusurwa, ya ƙwanƙwasa azara, masu gida na biye da shi tsuru-tsuru. Duk lafiya lau, sai bangon madafar wani mahauci da ya karkata waje kamar faɗin tafin hannu. Ya je ya kamo Bamoye ya kawo shi ya ɗora masa hannu a wurin.

Bamoye ya shafa daga sama har ƙasa, ya ja tsaki. "Wannan ba aikina ba ne. Ranar ina zazzaɓi, yara na bar wa."

"Tsoho, naka ne."

"Na ce ba nawa ba ne. Miƙo min gatari."

"In ba ka gatari ka sare min ƙafa?"

Mahaucin ya kawo musu kujera da shayi. Kolado ya fara rushe bangon daga sama, Bamoye na zaune a inuwa yana sauraren faɗuwar tubala, yana ce masa ya yi a hankali da waɗanda ba su fashe ba, za a sake amfani da su.