Injin da Bai Bar wa Laraba Komai Ba

Tun da injin girbi ya shiga gonar shinkafarmu a Kura, yayana Malam Sunusi ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya je bakin magudanar ruwa, ya dawo, ya cire hula, ya mayar. Har jiri ya sa ni.

Ɗansa Ammar ne ya ɗauko injin haya. Yaron nan akwai baki! Waya a hannu, yana ta cika mu da surutu wai na'ura ta fi mutum adalci tunda ba ta da son zuciya. Ta auna gona, ta fitar da zakka, ko ƙwaya ba ta zubarwa. Wai nan gaba sanin daidai da kuskure ma lissafi zai koma.

To, rashin zubarwar ne ya hana Malam sakat. A bakin gona Laraba ce tsaye da ƙwaryarta, wata tsohuwar Bamagujiya daga wajen Bunkure. Duk girbi tana bin bayan masu yanka tana kala, tana tsince abin da ya zube, da shi take ci har damina. Yau ta bi sawun injin har ƙarshe, ƙwarya wayam. Wallahi raina ya ɓaci.

Na ce wa Ammar tsoron Allah ne ke hana mutum share gona tas. Ya ce to Maikano fa, uban Laraba, da bai taɓa kallon gabas ba, amma ya bar wa mahaifiyarmu, kakar shi Ammar ɗin, kala a gonarsa a shekarar yunwa? Ɗan banza ya ɗaure ni.

Malam ya juya wajen mai tuƙa injin. Hannu ya ɗaga, aka kashe injin, saura ɗan layi guda a tsaye.

"Inna Laraba, wannan naki ne," in ji shi.

"Malam, ni ba bara na zo ba. Abin da ya faɗi nake ɗauka." Ta juya za ta tafi.

Sai Malam ya fizge laujen da ke hannuna ya faɗa cikin shinkafar. Mutumin da ake yabon tsaftar yankansa, ga shi yana yi kamar ɗan koyo, zangarniya na zuba ta ko'ina.

Ammar ya ce, "Baba, asara fa kake yi."

"Sa a lissafinka."

Bai waiwaya ba ko sau ɗaya. A bayansa Laraba ta sunkuya ta fara tsinta.