Farantin Yari

Lawwali ya jingina sabon farantin sola da bangon ɗakin mahaifiyarsa, ya ɗaga kai ya dubi tsohon farantin da ke bisa rufi. Gilashinsa ya tsage tun daga wannan kusurwa har waccan, kamar ƙasar fadama da rani.

Shi ne farantin da ƙanensa Yari ya goyo daga Konni, tsallaken iyaka. A lokacin sola sai mai hali, don haka samarin Illela kan ɗaure farantin a bayansu da robar taya, su bi hanyar daji da babur don kauce wa kwastan. A hanyar dawowa iska ta daki farantin wajen ƙauyen Araba, ta kayar da Yari. Farantin ya iso gida da tsaga, Yari kuwa a makara.

Tun daga nan Inna Baraka ke zaune da ɗan hasken da yake bayarwa, kwan fitila yana rawa kamar mai zazzaɓi. Lawwali ya tsani wannan haske. Duk sanda ya shigo gaisuwa sai ya ji kamar Yari na tsaye a bayansa.

"Inna, kamfanoni sun haɗa kai, a ƙasar nan ake harhaɗa shi yanzu," in ji shi. "Ya yi araha. Mota ka kawo muna shi har bakin shago."

"Mota," ta ce a hankali. Ta daɗe tana kallon sabon gilashin. "Da sun haɗa kan nasu da wuri."

"Bari in sauke wancan. Idonki ya fara rauni."

"Mi ya yi maka? Ɗana ya kawo man shi. Maida naka."

Lawwali ya san Inna: in ta ce a'a, ko liman sai haƙuri. Ya fitar da farantin ƙofar gida, ya hau babur, ya ɗora shi a bayansa. Hannunsa da kansa ya ja robar ta ƙarƙashin hammata, ya ƙulle a ƙirji, yadda suka saba yi shi da Yari.

Bai tada injin ba ya ji an riƙe kan babur ɗin. Inna ce, ba ko mayafi.

"Kwance shi," ta ce. "Kwance shi, Lawwali! Tahi ka ɗauko tsani."