Ƙyauren Firmin

Mu Akadiyawa, jikokin Faransawan da suka zauna a gabashin Kanada, idan aka tambayi mutum ɗan wane ne, jero iyaye yake yi, wane na wane na wane. A gidanmu kuwa in an zo kan kakan kakanninmu Firmin sai a tsallake. Abin ya daɗe yana ci min rai, ran nan na tsare Kaka Osithe tana gugar dankali.

"Kaka, wai me mutumin nan ya yi?"

"Ke dai akwai tone-tone," in ji ta. Amma ta faɗa min.

Firmin da ubansa ne suka tare teku da ganuwar laka, suka sa mata ƙyauren katako mai barin ruwan sama ya fita, ya hana na gishiri shiga. Shekara uku suna jiran ƙasar ta wanke kafin ta ba da alkama. Sai sojan Ingila suka zo a 1755, suka loda mutane a jiragen ruwa, suka ƙone gidaje. Matar Firmin a jirgi ta rasu. Shi da ƙanensa Anselme aka tsare su a kurkuku, gonar aka ba wani baƙo.

Da ganuwar ta fashe baƙon ya rasa ta inda zai kama, dole aka fito da su gyara.

"Yaya, juya ƙyauren baibai," Anselme ya raɗa masa. "Gishiri ya cinye musu ita."

"In muka dawo fa? Gishirin zan bar wa 'ya'yana?"

"Dawowa ina? Kai har yanzu ba ka farka ba?"

Firmin ya kafa ƙyauren daidai, har da ƙarin ƙusa. Anselme bai sake yi masa magana ba har ya mutu. Mu kuma aka watsa mu nan bakin duwatsu, muka koma kamun kifi.

"Ya ciyar da waɗanda suka kashe masa mata," Kaka ta ce, ta ci gaba da guga.

Bara na je wurin gonar. Na tafi da niyyar in ji haushinsa, wallahi kuka na yi. Ciyawa kore shar har bakin teku, shanu suna kiwo. Ƙasar tana nan da daɗinta yadda ya adana mana. Daga bayan shingen waya na kalle ta, don akwai allon hana shiga.