Keken da Likita Ya Rubuta wa Protul

Ni nake cika wa danginmu na Kolkata takardun haraji, kuma ladana bai taɓa wuce kofin shayi ba. Bana mijin yayata, Protul, ya dire mini rasiti da takardar likita.

Ya ce, "Tapon, saboda ciwon sukari likita ya rubuta mini keken motsa jiki. Magani ne. Ka sa a rage mini haraji."

Na ce, "Yaya, shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin an karɓi keke a layin magani ba. Wai ina keken ma?"

Ya kai ni baranda yana jan ƙafa. Damina ce, kwana tara ba a ga rana ba. Ga keken nan, an shanya masa zannuwan sari uku, jakar albasa na rataye a hannunsa, kyanwa ta yi ɗaiɗai a kan sirdi.

"Sau nawa ka hau?"

"Ranar da aka kawo shi na gwada."

Sai yayata Mithu ta shigo da farantin kayan zaƙin nan rosogolla yana ɗigar da ruwan sukari. Ta ce, "Kai dai rubuta masa, keken nan ya yi magani. A da hawa huɗu nake yi in kai shanya saman bene. Tun da ya zo gwiwata ta daina ciwo."

Protul ya haɗiye rosogolla na uku, ya turo mini rasitin.

"To ka ji shaida. Cika da sunanta."