Jifan da Ba a Rubuta Ba

Nogami na cikin ɗaure igiyar takalminsa sai Sae, ma'aikaciyar ofis, ta shigo rungume da littafin. Littafi ne mai kauri, an buga shi don cikar ƙungiyar besbol ta Shaho shekara saba'in a garinmu na Uranami, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya doke ta da gora.

"Baba Nogami, ga naka. Shugaban ƙungiya ya ce a ba ka hannu da hannu."

Bai tambayi shafi ba, ya san inda suka ajiye shi. Tamanin da uku. Ga shi nan a hoto yana ɗan shekara ashirin da huɗu, durƙushe a kan tudun jifa, hularsa a ƙasa, Kuroiwa na ƙungiyar Damisa yana zagaye fili da hannu a sama. Wasan ƙarshe ne na cin kofi, saura jifa ɗaya Shaho ta yi nasara, Nogami ya jefa, Kuroiwa ya make ƙwallon ta tsallake katanga, Damisa ta tafi da kofin. Tun daga ranar Shaho ba ta sake jin ƙanshin kofi ba, mu kuwa mutanen Uranami akwai mu da riƙo. Har yau a kasuwar kifi, in mutum ya zubar da kaya sai ka ji an ce, "Sannu, Nogami!"

Ba su kore shi ba, abin da suka yi masa ya fi kora ciwo. Mai jifan atisaye suka mayar da shi, aikinsa kullum ya jefa ƙwallo mai daɗin duka don 'yan wasa su wasa hannu. Shekara talatin da shida yana jefawa ana makewa. Duk wani zakara da ke cikin littafin nan da ƙwallon Nogami ya goge, amma ko layi ɗaya ba a ɓata a kan wannan ba.

Yau shi aka gayyata ya yi jifan buɗe wasa, Kuroiwa ne kuma zai riƙe gora. Al'adar kowa ya san ta: baƙo ya jefa, mai gora ya daki iska da gangan ko da ƙwallon a ƙasa ta gangaro, jama'a su tafa.

"Za ka jefa a hankali," in ji Sae, "shi kuma ya kuskure kamar yadda aka saba, sai ku rungumi juna. Shugaba ya ce hakan zai wanke maka zuciya."

"Ita ta gaya masa ta yi datti?"

Ya tashi ya fita, tana biye da shi. A baranda ya iske Kuroiwa yana shan shayi, ya yi tumbi, kai duk furfura.

"A'a, Nogami! Ashe kana nan da ranka? Kwantar da hankalinka, mutumina, yau zan yi maka kuskure mai kyau, har da faɗuwa in kana so."

"In ka kuskure da gangan, zan ɗauko wata ƙwallon in fasa maka haƙarƙari a gaban jikokinka."

Kuroiwa ya daina dariya. "Haba, al'ada ce fa."

"Sadaka ce, ni kuwa ban yi bara ba. Jifan ranar zan yi maka, mai nutsewa. Ranar ya ƙi nutsewa. Ka doka da gaske."

"In na sake aika ta bayan katanga fa? Mutum dubu talatin ne a waje."

"Sai su ƙara shafi."

Kuroiwa ya ajiye kofin shayin, ya dubi Sae. "'Yata, je ki karɓo mini gora ta gaske wajen 'yan wasa. Wannan da kuka ba ni ta ado ce."

Rana na tsaka suka fito. Da aka kira sunan Nogami an tafa, amma dariya ta fi tafin yawa. Wani daga sama ya kwarma ihu, "Yau dai kada ka durƙusa!" Gaskiya tsoro ya kama shi. Jifan nan kullum da asuba yakan gwada shi a jikin bangon bayan fili, shi kaɗai, amma bai taɓa yi wa mutum shi ba tun waccan ranar, don ba aikinsa ba ne ya hana kowa duka.

Ya ware yatsu biyu, ya cusa ƙwallon a tsakani, ya ɗaga ƙafa.

Ta taho tsaf daidai ƙugu, kamar kyauta. Kuroiwa ya cije leɓe ya kai duka da iya ƙarfinsa, sai ƙwallon ta sulale ƙasa kamar an saki guga a rijiya. Gorar ta juya shi, gwiwarsa ta daki ƙasa, hularsa ta faɗi.

Fili ya ɗauki tafi da shewa. "Kuroiwa akwai iya wasan kwaikwayo!" "Mutumin kirki, ya rufa masa asiri!" Shugaba na ta murmushi, masu hoto suka matso suna jiran runguma.

Ba a yi runguma ba. Kuroiwa ya ɗingiso zuwa tudun, fuska ta yi ja.

"Ɗan banza. Sake jefowa. Ɗaya kawai."

"Jifa ɗaya aka ce."

"Ka san babu wanda zai yarda ko? Duk sun ɗauka kyauta na ba ka."

"Kai fa?"

Kuroiwa ya sunkuya yana murza gwiwa. Nogami ya cire hula ya rusuna wa fili, ya juya. Daɗin da ya ji har kunya ya ba shi.

A bakin ƙofa Sae ta cim masa tana haki. "Baba, ka manta littafinka."

"Kai wa Kuroiwa," ya ce. "Ki buɗe masa shafi na tamanin da uku. Yau ya fi ni bukatarsa."