Goron Gwaggo Habsu

Alhaji Makau, tsohon magatakardan kotu a Anka, ba ya yin magana sai ya kawo shekarar da aka fara yin irinta. Babban abin alfaharinsa kuwa shi ne tun zamanin En'e ba a taɓa korar ɗan gidansu daga makaranta ba. A shekarar 2003 wannan alfahari ya soma rawa, domin 'yarsa Dija, mai karatun likita a Sakkwato, ta faɗi jarrabawa guda. An ba ta damar sakewa. In ta kuma faɗuwa, ta tattara kayanta.

Da ta dawo gida ya kira ta zaure, ya gyara tabarau kamar zai karanta hukunci.

"Mi ya kada ke?"

"Furotin G, Baba. Saƙo yakan zo ƙofar ƙwayar halitta, ba ya shiga. Mai karɓa a ƙofa ya taɓa furotin G, shi kuma ya saki sinadarin GDP ya ɗauki na GTP, ya je ya tada enzayim, wato mai aikin ciki. Na haddace wannan. Amma an tambayi yadda gubar kwalara ke ɓata tsarin har ruwan jiki ya tsiyaye, na rasa amsa."

Alhaji bai fahimci ko kalma ba, amma a shekara talatin na aikin kotu bai taɓa amsa hakan ba. "An yi irin wanga a hamsin da takwas," in ji shi, ya sallame ta.

To, a gidan akwai doka tun rigimar 1981, lokacin da yayarsa Habsu ta sa aka yanka zakaru biyu don baƙon da ba wanda ya gani. Hukuncin Alhaji shi ne: matarsa Lauratu ba za ta ɗora tukunyar baƙo ba sai ta ga goro a bakin Habsu. Shi ke ba da goron a zaure, ɓari guda. In ya ƙare, umarni ya ƙare.

Ran Juma'a Sharu, dillalin shanu daga Bukkuyum, ya yi sallama. Bai san doka ba, don haka da Habsu ta leƙo gaisuwa ya damƙa mata goro goma. Ya ci tuwo, ya kama hanya. Habsu kuwa ta zauna bakin madafa tana tauna.

"Yaya, baƙin nan su nawa ne?" in ji Lauratu.

"Ni na ƙirga? Ke dai dubi bakina."

"Na gani, ja wur."

Lauratu ta san sarai zaure ya watse, amma shekara ashirin da biyu take jiran wannan rana. Ta tuƙa tuwo na biyu, ta ɗora shinkafa, ta dama fura, har randuna uku suka ƙafe.

Bayan la'asar Alhaji ya shigo ya tarar da kwanoni jere har ƙofar turaka.

"Lauratu! Suna aka yi ban sani ba?"

"Dokarka ce, Alhaji. Goro bai ƙare ba."

Dija, wadda ke gindin ɗurumi da littafi, ta dubi randunan, ta dubi bakin gwaggonta, ta miƙe zumbur.

"Kwalara! Baba, kai ne mai karɓa, Inna ce enzayim, Gwaggo furotin G, goro kuma GTP. Furotin da kansa yake cinye GTP ɗinsa ya yi shiru. Gubar hana goron ƙarewa take yi, sai mai aiki ya yi ta zuba ruwa babu baƙo!"

"Ubanki ne kwalara," in ji Habsu, ta ɓare na bakwai.

Dija ta koma Sakkwato ta ci jarrabawarta. Alhaji ya yi wa dokar gyara guda: goron baƙo a zaure yake tsayawa, a aljihunsa. Daga nan kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa likitocin duniya hukuncinsa na tamanin da ɗaya suke bi, ba su ko aiko da godiya ba.