Muryar Inna a Ƙaramin Faifai

Ni dai ban taɓa cewa ina da haƙuri ba. Duk wanda ya yi aiki a kamfanin buhunmu na Sharaɗa ya san Idrisu mai gyaran wuta, ya san in waya ta ƙi ni, zaginta nake yi. Amma abin da bakina ya jawo mini a shekarar dubu biyu da bakwai, har yau ban gama haɗiye shi ba.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinmu na Fanshekara, gwanjo na saye ta lokacin da wata masaƙa ta rufe. Da ita nake buga ƙwallo in na taso aikin safe. Da sabon wasa ya fito, sai tsohuwa ta ce ba da ita ba. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya tsaya cak, kafin ya motsa an zura mini biyu. Haushi ya sa har na taɓa kai wa tebur duka.

Maganinta katin hoto ne, wato na'urar da ke ƙara mata saurin nuna hoto, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata, don kamfani kwana uku yake aiki a mako. Sai na tuna Gwadabe, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu a wata kwantena a Bompai. Shi musaya yake yi: ka kawo naka, ka ɗora ɗan ciko, ka tafi da nasa. Ranar Laraba na kwance kwamfutar. Faifan ajiya biyu ne a cikinta, babba da ƙarami, ƙaramin kuma ya tsufa, sai ƙara kamar keken ɗinki. Na ce kai zaman banza kake yi, na cire shi ba tare da na duba cikinsa ba.

Dama ina cike da Gwadabe. Bara na sayi faifai a wurinsa, na tarar da hotunan bikin wasu mutane birjik, har da matan aure. Don haka da muka gama ciniki, na ba shi ƙaramin faifan da ciko na karɓi katin, sai na tsaya a gaban masu saye na wanke shi tas. Na ce shi ba ya goge kayan mutane kafin ya sayar, ragon banza ne, in na ji nawa ya fita da ko harafi ɗaya a ciki sai mun kwashi 'yan kallo. Ya dube ni kawai ya ce to.

Ranar Alhamis wasa ya tafi sumul. Wallahi har ciyawar fili nake gani.

Da safiyar Juma'a matata Badi'a tana shara ta ce, "Malam, in ka dawo daga masallaci ka kunna mini Inna."

Inna mahaifiyarta ce, a Tasawa ta Nijar. Ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa yin magana a kaset ta ba direbobi su kawo. Kaset huɗu ta aiko kafin ta rasu, shekara biyu ke nan. Ni na kwafe su a kwamfuta, ina cika baki wai kaset ruɓewa yake yi. Da ruwa ya shigo mana ɗaki da damina ya lalata su, ni na ce wa Badi'a ta bar kuka, Inna tana nan a ajiye. Duk Juma'a takan zauna kan tabarma ta saurara, ni kuma in fita in ba su wuri.

Na ce mata to. Tana fita tsakar gida na kunna na duba. Babu. Na sake dubawa. Sai a lokacin na tuna, da babban faifai ya yi ciwo bara, na mayar da Inna cikin ƙaramin don kada wani abu ya same ta. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da wuta ta ja ni.

Na cire katin, na cusa a aljihu, na tare acaɓa. Daga Fanshekara zuwa Bompai ba nan kusa ba ne, ga Juma'a, an fara tare hanyoyi ana shimfiɗa tabarmi. A bakin wani sito tirela ta gitta tana ƙoƙarin shiga da baya, na sauka na ƙarasa da gudu. Abu ɗaya nake riƙe da shi a raina: Gwadabe rago ne. Allah ya sa bai sake hali ba. Ni da na zage shi a kan lalaci, ga ni ina roƙon Allah ya bar masa lalacinsa.

Na same shi yana jan ƙofar kwantena. Na ajiye katin a gabansa, na ce ya riƙe, ya riƙe cikon ma, faifaina kawai nake so. Ya koma ciki ya ɗauko shi, ga sunana da ya rubuta a jiki. Ba wuta, sai da ya tayar da janareta, ya ja sau biyar kafin ya kama. Ya haɗa faifan, muka tsaya muna jira, ladan yana kira.

Fili fetal. Ko harafi ɗaya babu.

"Malam Idrisu, kai ka ce in goge," in ji shi. "Na ji kunya ranar, a gaban mutane. Sau biyu na goge shi, sannan na cika shi na sake gogewa, don kada ka sami abin faɗa."

Na buɗe baki in yi masifa, na rasa wanda zan yi wa. Ya tura mini katin ya ce in ɗauka, nawa ne, sannan ya rufe kwantena muka bi sahu.

Da na koma gida Badi'a ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta yafa mayafinta. Ban zauna ba, a tsaye na gaya mata komai, har zagin da na yi. Na so ta yi ihu, ta jefe ni da wani abu. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta fara magana a hankali, da harshen mutanen Tasawa: "Badi'a ɗiyata, kina lahiya? Ina gaida maigidanki, ki yi haƙuri da shi, na ga yana da zahi amma ba shi da mugunta."

Ta kawo maganar Inna ta kaset na farko kaf da ka, ba ta tsallake ko tarin da Inna ta yi a tsakiya ba. Da ta kai ƙarshe ta goge fuska da gefen mayafi.

"Maganar duk ina da ita," ta ce. "Muryar ce ba ni da ita."

Ta naɗe tabarma ta fita ɗora girki. Katin yana aljihuna, sai da na zauna na ji yana tokare mini cinya.